GOGEN TURAWA DA GOGEN GIDA: TARIHIN MAKAƊAN SIMFONI NA ƘASAR GANA

Ranar 6 ga watan Maris na shekara ta 1957, ƙasar da Turawan Ingila ke kira Gwal Kos ta samu mulkin kanta, ta ɗauki sunan Gana. Shekara biyu kacal bayan haka, wato cikin 1959, tun sabuwar gwamnati tana fama da ginin lakkol da asibiti da hanyoyin mota, Kwame Nkuruma, wanda a lokacin shi ne faraminista, ya ba da umurnin a kafa wa ƙasa ƙungiyar makaɗan simfoni. Wannan umurni ya haifi wata tambaya wadda ta bi ƙungiyar shekara da shekaru: ina ruwan ƙasar da ta fito daga mulkin mallaka jiya-jiya da kiɗan da aka haifa a fadojin Turai? Shin ba kayan aro ba ne, wanda Hausawa suka ce ba ya rufe katara?

Tambayar tana da nauyi, kuma ta shafi kowace ƙasa ta Afirka wadda ke fitar da kuɗin baitulmali domin al'adu. Amsar da tarihin Gana ya bayar ita ce: ba asalin kayan kiɗa ke mai da ƙungiya ta zama ta ƙasa ba, ba kuma sunan da aka rubuta mata cikin takardar doka ba. Abu uku ne ke yin wannan aiki: ƴan ƙasa masu tsara mata kiɗa, makarantar da ke renon makaɗanta, da kuɗin da ba ya yankewa. Inda Gana ta riƙe waɗannan, ƙungiyar ta yi rai. Inda ta sake su, ta yi ta jan ciki.

MENE NE SIMFONI?

Wanda ya ji kalmar orkes, abin da ke faɗo masa a rai shi ne samari bakwai ko goma, da gita da ganguna da lasifika a gidan rawa. Orkes na simfoni wani abu ne dabam. Taro ne na makaɗa daga 60 zuwa 100, zaune bisa kujeru cikin tsari mai siffar jinjirin wata, kuma gida huɗu ne. Gida na farko, wanda ya fi rabin taron, na masu goge ne: ƙaramin gogen Turawa mai tsirkiya huɗu wanda ake kira biyolon, da yayyensa uku, har zuwa babbansu wanda ya kai tsawon mutum. Gida na biyu na masu busa ne da kayan itace, kamar sarewa da wata mai kama da algaita. Na uku masu busa kayan tagulla, dangin begila da ƙaho. Na huɗu masu ganguna da tambura. A gabansu mutum guda ke tsaye da ƴar sanda a hannu, shi ne madugun kiɗa. Ba ya kaɗa kome, amma shi ke nuna wa kowa inda zai shiga da inda zai tsaya. Simfoni kuwa sunan dogon kiɗa ne, galibi mai babi huɗu, wanda kan ɗauki rabin awa ko fiye, kuma yawancinsa ba waƙar baki a ciki.

Ya kamata a san cewa wannan kiɗa ba daga sama ya faɗo ba. Kiɗan fada ne. Joseph Haydn, wanda ake ɗauka uban simfoni, ya yi kusan shekara 30 yana bara a gidan sarautar Esterhazy cikin ƙarni na 18, sanye da tufafin barorin gida, yana tsara kiɗa duk lokacin da ubangidansa ya bukata, har ya bar simfoni sama da 100. Matsayinsa bai yi nisa da na makaɗin sarki a ƙasar Hausa ba. Abin da ya raba su shi ne rubutu. Turawa sun ƙago hanyar rubuta murya bisa layi biyar, ta yadda kowane makaɗi yana karanta rabonsa a takarda kamar yadda ake karanta wasiƙa. Saboda hakanan simfoni na tara na Beethoven, wanda aka fara kaɗawa a birnin Biyana cikin 1824, ana iya kaɗa shi a Akra kamar yadda mai shi ya tsara. Makaɗin fada kuwa in ya rasu, abin da yaransa suka riƙe a ka shi kaɗai ke ragewa. A riƙe wannan magana, domin ita ce mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

MUTUMIN DA AKA DAMƘA WA AIKI

Wanda aka ɗora wa nauyin kafa ƙungiyar shi ne Philip Gbeho. An haife shi cikin 1904 a Vodza, kusa da garin Keta na bakin teku, a ƙasar ƙabilar Ewe. Malamin makaranta ne, ya koyar da kiɗa a Achimota, makarantar da Nkuruma kansa ya yi karatu a cikinta, ya kuma ƙaro ilimi a makarantar kiɗa ta Trinity a birnin Landan. Shi ne ya tsara muryar taken ƙasar Gana cikin 1957. An sauya baitocin taken bayan haka, amma muryar da ya tsara ta tsaya daram. Ma'aikata da yawa sun san sunan gidan ta hanyar ɗansa, James Victor Gbeho, wanda ya shugabanci hukumar CEDEAO daga 2010 zuwa 2012.

Gbeho ba mai bautar al'adun Turai ba ne. Tun yana Landan yake nuna wa Turawa kiɗa da rawar ƙasarsu, kuma da ya komo gida ya yi ta fafutukar a shigar da gangunan gargajiya cikin makarantu, a zamanin da majami'u da yawa ke ƙyamar ganga. Ita ma gwamnatin Nkuruma hannu biyu ta miƙa. Cikin 1962 an kafa ƙungiyar rawar gargajiya ta ƙasa, kuma cikin watan Oktoba na 1963 Nkuruma ya buɗe cibiyar nazarin al'adun Afirka ta jami'ar Legon, inda shahararren masanin kiɗa J. H. Kwabena Nketia ya yi aikinsa. Ke nan niyyar ba ta maye ganga da biyolon ba ce. Ba wuya a gane abin da ake nufi: ƙasar da aka daɗe ana gaya mata cewa baƙar fata bai iya wannan ba, bai iya wancan ba, tana so ta nuna babu fagen da aka haramta wa ƴaƴanta.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. A farkon shekarun 1960, Gine ta Seku Ture da Mali ta Modibo Keita sun kafa ƙungiyoyin makaɗa na ƙasa da kayan gida zalla, su kora da balafo da molo, suka ɗauki makaɗan gado suka mai da su ma'aikatan gwamnati. Hanyar tasu ta fi sauƙin kuɗi, ta kuma fi saurin shiga zuciyar talakawa. Gana ce ta zaɓi hanya mai tsawo, ita ce kuma ta ɗanɗana wahalarta.

SHEKARUN WAHALA

Ranar 24 ga watan Fabrairu na 1966, sojoji suka hamɓarar da Nkuruma yana kan hanyar tafiya Hanoi. Ƙungiyar ta rasa uban da ya haife ta tana da shekara bakwai. Sojoji sun sake karɓe mulki cikin 1972 da 1979 da 1981. Darajar sidi, kuɗin ƙasar, ta zube. Shekara ta 1983 ta haɗa wa Gana fari da gobarar daji da yunwa, ga kuma kimanin mutum miliyon guda da aka koro daga Nijeriya.

A irin wannan hali orkes na simfoni ya fi kowace ƙungiya shan wuya, dalili kuwa a fili yake. Mai gogen gida, in tsirkiyarsa ta tsinke, izgar doki zai nema. Ƙwarya da fatar guza da ƙaro duk suna kasuwar garinsu. Mai biyolon kuwa, tsirkiyarsa daga ƙasashen waje take zuwa, da kuɗin waje ake sayenta. Hakanan bakin kayan busa da sauran tarkace. Raɓar bakin teku tana kumbura itace, tana sake manni, kuma gyaran waɗannan kaya sana'a ce mai zaman kanta wadda ake shekaru ana koyo.

Amma abin da ya fi kaya wuyar samu shi ne mutum. Masu busa ba su cika wuya ba a Afirka ta Yamma, domin badujalar soja da ta ƴan sanda da ta majami'u suna yaye su. Mai biyolon kuwa sai ya yi kamar shekara goma yana koyo, kuma tun yana yaro ya kamata ya soma, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Orkes na bukatar masu goge talatin ko arba'in waɗanda hannunsu ke tafiya kamar na mutum guda. Ana iya sa hannu ga takardar doka cikin yini ɗaya, ana iya sauke kaya daga jirgin ruwa cikin wata ɗaya, amma babu shugaban da umurninsa zai rage waɗannan shekaru goma. Ƙasar da ta kafa orkes ba tare da isassun makarantun yara masu ciyar da shi ba, ta gina rumbu ne ba ta share gona ba.

Duk da haka ƙungiyar ba ta mutu ba. Gbeho ya rasu cikin 1976, sanda ta ci gaba da wucewa daga hannu zuwa hannu, har ta kai hannun mace, Dinah Reindorf. Wannan jimiri abin yabo ne, kuma makaɗan da suka zauna bisa kujerunsu cikin shekarun da albashi bai kai ƙarshen wata ba, su ne suka cancanci yabon.

RIGIMAR GOGE BIYU

A tsakiyar shekarun 1980 aka naɗa wani saurayi mai suna Nana Danso Abiam shugaban ƙungiyar. Abiam ya riga ya yi aiki a Legon bisa wata sarewar gora mai suna atenteben, ya faɗaɗa muryoyinta har ta iya kaɗa abin da a da ba ta iyawa. Ya zo da ra'ayi mai zafi: orkes na ƙasar Afirka ya kamata ya yi magana da kayan kiɗan Afirka. Makaɗan da suka ƙare ƙuruciyarsu bisa biyolon ba su yarda su ajiye shi ba. Abin bai yi daɗi ba, Abiam ya bar aiki, kuma cikin 1988 ya kafa tasa ƙungiyar, Pan African Orchestra.

A cikinta ya jera sarewar atenteben, da balafon arewacin Gana mai suna gyil, da kora, da manyan gangunan fadar Asante, da wani goge mai tsirkiya ɗaya wanda mutanen Dagomba ke kira gonje. Mai karatu ya riga ya gane shi tun daga sunan: ɗan'uwan gogen Hausa ne, irin wanda ake ji a Maraɗi da Tawa, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da fataken goro sun yi ɗaruruwan shekaru suna kai da kawo tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Ƙungiyar ta yi suna a ƙasashen waje, faifanta mai suna Opus 1 ya fito cikin 1995. Abiam ya rasu cikin hatsarin mota a Akra a ƙarshen 2014.

To, wa ke da gaskiya? Abiam yana da babban rabo a cikinta. Orkes ɗin da ba ya kaɗa kome sai abin da Turawa suka tsara, ba zai wuce kwaikwayo ba, kuma talakan da ke biyan haraji yana da hakkin ya tambayi abin da ya samu a ciki. Abiam ya kuma tabbatar da cewa gogen gida da sarewar gora suna iya zama cikin babban taro, su ɗauki dogon kiɗa ba tare da jin kunya ba. Wannan aiki ne da ba za a manta ba.

Amma wanda ya ɗauka cewa darasin shi ne a jefar da biyolon, bai duba da kyau ba. Abiam kansa bai jefar da kome daga asirin simfoni ba: ya rarraba makaɗansa gida-gida, ya tsara wa kowane gida rabonsa, ya tsaya a gabansu yana jagora. Ya sauya kaya ne, ya riƙe tsari. Sa'an nan kuma kayan kiɗa ba su da takardar haihuwa. Kiɗan hailaif, wanda duniya ta san Gana da shi, da ƙaho da gita na Turawa su E. T. Mensah suka gina shi, kuma babu wanda ya taɓa cewa hailaif ba na Gana ba ne. Ita kanta dabarar goga tsirkiya da baka, Turai aro ta yi daga gabas. Rababar Larabawa tana cikin kakannin biyolon. Kayan aro da aka daɗe ana mora, aka yi masa gyara daidai jiki, ya tashi daga aro ya zama na gida.

MASU TSARA KIƊA SU NE GINSHIƘI

Abin da ke mai da shi na gida kuwa shi ne abin da aka sa shi ya faɗa. Turai ma haka ta yi. Lokacin da ƙasar Finlan ke ƙarƙashin mulkin Rasha, Jean Sibelius ya tsara kiɗan Finlandia cikin 1899, da kayan kiɗa iri ɗaya da na Jamus da Italiya, amma mutanen ƙasarsa suka ji kansu a ciki. A Hangari, Bela Bartok ya shiga ƙauyuka tun daga 1906 yana ɗaukar waƙoƙin manoma da na'ura, yana rubuta su, ya gina kiɗansa a kansu.

Gana tana da nata irin waɗannan mutane. Ephraim Amu, wanda ya rayu daga 1899 zuwa 1995, shi ne malamin da aka sallama daga makarantar horon malamai ta Akropong a farkon shekarun 1930, saboda ya hau mumbari da zanen gargajiya ya ƙi kwat. Amu ya lura da wani abu mai muhimmanci: harsunan Gana, kamar Hausa, harsuna ne masu hawa da saukar murya. Bahaushe ya san cewa kukar miya da kukan yaro murya ce ta raba su. In aka ɗora kalmomin irin wannan harshe bisa muryar waƙar Turawa, ma'ana takan karkace. Sai Amu ya riƙa tsara waƙa yadda muryar kiɗa za ta bi muryar magana, ya kuma rubuta ta a takarda. Cikin 1944 Fela Sowande na Nijeriya ya tsara African Suite domin masu gogen Turawa, ya sa muryoyin Gana a ciki, har da ta Amu. Daga baya N. Z. Nayo, wanda shi ma ya shugabanci ƙungiyar simfoni ta Gana, ya tsara mata Volta Symphony da Fontomfrom Prelude, na farko da sunan babban kogin ƙasar, na biyu da sunan gangunan fada. Wannan ita ce amsar da ta dace da tambayar Abiam: ba a kori biyolon ba, an koya masa harshen gida.

Cikin 1992, shekara 33 bayan umurnin Nkuruma, aka kammala babban gidan wasanni na ƙasa a Akra, wanda ƙasar Sin ta gina. Ƙungiyar simfoni ta samu mazauni a cikinsa, tare da ƙungiyar rawa da ta wasan kwaikwayo. Gini abu ne mai kyau, amma gini ba ya kiɗa. Birnin Kinshasa ya ba da shaida ta ɗaya gefen: cikin 1994 wani tsohon matuƙin jirgin sama, Armand Diangienda, ya tara ƴan majami'ar Kimbangu ya kafa orkes na simfoni ba da umurnin gwamnati ba. Da farko kayan ba su ishe su ba, suna karɓa-karɓa. In tsirkiya ta tsinke sai su ɗaura wayar birkin keke. Da koyarwa da naci suka kai ga kaɗa simfoni na tara na Beethoven, har aka yi sinima a kansu cikin 2010. Su kam da mutum suka fara, kaya suka biyo baya.

ABIN DA YA RATAYA GA MAHUKUNTA

Akwai masu cewa ƙasar da ke da yunwa da ciwo ba ta da halin kiɗan zaune. Maganarsu ba abin rainawa ba ce, kuma ba dole ba ne kowace ƙasa ta mallaki orkes na simfoni. Gine da Mali ba su yi hasara ba da suka zaɓi kora. Abin da bai dace ba shi ne a tsaya tsakiya: a kafa ƙungiya domin bikin ƴanci da tarbar baƙi, sa'an nan a bar ta ba tsirkiya, ba almajirai, ba sabon kiɗa. Wannan shi ne ɓarnar dukiya ta gaskiya, domin an biya kuɗin ado ba a samu amfanin aiki ba.

Hukumar da ta ƙudura niyyar shiga wannan fage, tarihin Gana ya shimfiɗa mata jerin aiki. Da farko a nemi masu tsara kiɗa, a biya su, su je wurin tsofaffin makaɗa su rubuta abin da ke kansu tun suna da rai, su gina sabo a bisa tsoho. Na biyu a buɗe wa yara makaranta, inda mai koyon biyolon da mai koyon gogen gida za su zauna bisa benci ɗaya, su karanta takarda ɗaya. Na uku a yanke wa aikin kuɗinsa cikin kasafin kowace shekara, kome ƙanƙantarsa, yadda sauyin gwamnati ba zai kashe shi ba. Sayen kaya da ginin babban zaure su ne na ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙungiyar da Philip Gbeho ya kafa ta ga juyin mulki huɗu, ta ga faɗuwar kuɗi, ta ga rigimar cikin gida, ta wuce su duka. Nkuruma ya ba ta suna, Gbeho ya ba ta tushe, Abiam ya tsare ta da tambayar da ta kamata, su Amu da Nayo suka nuna inda amsa take. Gogen Turawa da gogen gida ba abokan gaba ba ne. Abokin gabarsu guda ne, shi ne sakaci: ranar da aka rasa yaron da zai gaji tsirkiya, aka rasa mai rubuta masa abin da zai kaɗa, to, dukansu biyu a bango za a rataye su.